Sawun Sauro a Cikin Jininmu

Jinin da ke yawo a jikinka yanzu ba shi ne wanda ka je idi da shi bara ba. Wancan ya daɗe da tafiya. Jar ƙwayar jini kwana 120 take yi a duniya, ko kusa da haka, sai saifa ta tsamo ta daga cikin 'yan'uwanta ta farfasa. Ɓargon ƙashi kuwa ba ya hutu: a kowace daƙiƙa yana fitar da sababbin ƙwayoyi sama da miliyan 2, ko kana barci ko kana tsaye kana jiran mota a tashar Kejetia ta Kumasi. Babban mutum yana ɗauke da jini kamar lita 5, zuciya kuma tana zagaya da shi kaf cikin minti ɗaya idan mutum na zaune. In aka bi ƙwayoyin halittar jikin ɗan Adam aka ƙirga ɗaya bayan ɗaya, takwas cikin goma jajayen ƙwayoyin jini ne. Sun kai tiriliyan 25.

Wanda ke ba ɓargo umarnin aiki ba zuciya ba ce, ƙoda ce. Ita ke lura da yawan iskar oksijin da jini ke kawo mata, in ta ga ta ragu sai ta saki wani sinadari da ke zaburar da ɓargo. Shi ya sa mai ciwon ƙoda yake ɗashewa, ana ta ɗura masa maganin ƙarin jini amma shiru.

Abin da ke ba jini launinsa wani furotin ne, himogulobin, wanda ke riƙe da sinadarin ƙarfe. Duk ƙarfen da ke jikin babban mutum bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, kuma jiki yana tattalinsa matuƙa. A kullum ɓargo na bukatar kamar miligiram 20 zuwa 25 don ƙera sababbin ƙwayoyi, alhali abin da hanji ke tsotsa daga abinci bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba. Ragowar daga tsofaffin ƙwayoyi ake kwance shi a sake aiki da shi, kamar dai yadda 'yan gwangwan na Akwatia Line ba sa barin ko ƙusa ta tafi bola. Abin da ya saura bayan an cire ƙarfen yakan zama wani sinadari rawaya, hanta ta karɓe shi ta zuba cikin matsarmama. Shi ne ke rina fitsari, shi ne ke rina bayan gida. Idan ƙwayoyi suka riƙa fashewa da sauri har hanta ta kasa kwashewa, sai rawayan ya taru a fata da farin ido. Shawara ke nan, ko dai ɗaya daga cikin hanyoyin da take zuwa. A riƙe wannan, domin za mu sake haɗuwa da shi.

Tunda ƙarfe ne jarin, to batun lemon malt da madarar gwangwani da ake haɗa wa mai jego ko wanda ya tashi daga zazzaɓi yana bukatar gyara. Haɗin yana da daɗi, yana ba da ƙarfi na ɗan lokaci saboda sukari, amma ƙarfen da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba, madara ma tana rage wa hanji tsotsarsa. Sobolo ma, wato zoɓo, launinsa ne kawai ya yi kama da jini. Hanta, jan nama, kifi, wake, ganyen kontomire da ayoyo da zogale, su ne masu kaya. Lemu ko tumatir a kan abinci suna taimakawa. Shayi mai kauri nan take bayan an ci abinci kuwa yana tare hanya, kuma mun san yadda ake ji da shayi a Zango. Wanda jininsa ke ƙasa ya ba da tazarar awa ɗaya ko biyu tsakanin kwano da kofi.

Sai batun launi. Jijiyar da ake gani kore-kore a hannun mai hasken fata, wasan haske ne a cikin fata, jinin ciki ja ne. Wanda ya fito daga huhu ɗauke da oksijin ja ne jawur, wanda ya sauke kayansa yana komawa kuwa ya fi duhu. Don haka idan wanzami ya cire ƙaho ya nuna maka gudan jini baƙi ƙirin ya ce ga mataccen jini, abin da kake gani jini ne da ya sauke iskarsa ya kuma daskare a cikin ƙahon. In aka tsaga lafiyayyen saurayi ma haka nasa zai yi. Ba ina hana kowa ƙaho ba ne, abu ne mai asali a addini da al'ada. Abin dubawa ita ce askar. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a Ghana, ta jini yake bi, kuma ƙwayarsa tana iya yin mako guda a busasshen jini ba ta mutu ba. Sabuwar reza ga kowane mutum, wannan ba abin jin kunyar tambaya ba ne. Af, wanda ya fara bayyana cewa jini yana bi ta huhu ne kafin ya tsallaka daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu, wani likita ne haifaffen Sham da ya yi aiki a Alƙahira, Ibn al-Nafis, a wajajen shekarar 1242. Sai a 1628 William Harvey na Ingila ya bayyana cikakken zagayen jini. Rubutun Ibn al-Nafis ya yi ta kwanciya har 1924, lokacin da wani likita ɗan Masar ya ci karo da shi a ɗakin karatu a Berlin.

Yanzu ga inda aka fi yin tuntuɓe. Za ka ji dattijo ya tambayi saurayi ana dab da kai goro:

"Ɗana, kun yi gwajin jinin nan kuwa?"

"Mun yi, Kawu. Ni O ne, ita ma O ce, ba wata matsala."

Kawu ya ce madalla, a shafa fatiha. Alhali tambayar da ta kamata ba a amsa ta ba. Abubuwa uku ne daban ake cakuɗawa: rukunin jini, alamar Rh, da kuma jinotaif. Na farko da na biyu a bayan ƙwayar jini suke, na uku a cikinta yake.

Rukunin jini Karl Landsteiner ne ya gano shi a birnin Biyana a 1901, ya kuma sami kyautar Nobel a kansa a 1930. Ranar haihuwarsa, 14 ga Yuni, ita ce ranar masu ba da jini ta duniya. Gwajin ba ya ɗaukar minti biyar. Ma'aikacin ɗakin gwaji zai ɗiga jininka wuri uku a kan farin faranti, ya sa wa na farko ɗigon ruwa shuɗi, na biyu rawaya, na uku marar launi, ya gauraya da tsinke yana ɗan karkata farantin. In na shuɗin ya tsinke ya yi gudaji-gudaji, kai A ne. In na rawayan ne, B. In duka biyu, AB. In ba wanda ya tsinke, O, rukunin kusan rabin mutanen Ghana. Ɗigo na uku shi ne na Rh: in ya tsinke kana da alamar, in bai tsinke ba ba ka da ita, abin da ake rubutawa da ɗan karan ragi a gefen harafin. Amfanin wannan duka shi ne ranar ƙarin jini, domin jiki yana kai wa jinin da alamarsa ta saɓa da tasa farmaki, abin kuma yana iya kisa. Ina roƙon maza su riƙe abu ɗaya a nan: uba mai A da uwa mai B suna iya haifar A, ko B, ko AB, ko O. Yaro ya fito da rukunin da ba na uba ba kuma ba na uwa ba, wannan kaɗai ba hujjar zargin kowa ba ce.

Alamar Rh, wadda aka gano a 1940, tana da nata labarin a ɗakin haihuwa. Jinin uwa da na ɗan tayi ba sa gauraya, mabiyiya ce ke tsakaninsu tana miƙa abinci da iska. Amma a lokacin haihuwa ko ɓari, ɗan jinin yaro yakan tsallaka. Idan uwa ba ta da alamar, yaron kuma ya gado ta daga uba, jikinta zai ɗauke ta a matsayin baƙuwa ya tanadi makamai. Ɗan fari yakan tsira. Na biyu da na uku su ne makaman ke samu tun suna ciki, su fasa musu jini, a haife su da shawara mai tsanani ko a haife su ba rai. Marasa alamar a nan ba su kai ɗaya cikin goma ba, amma ga wadda abin ya faɗa wa ba ƙaramin tashin hankali ba ne, kuma wasu daga cikin matan da aka yi ta kira masu wabi, aka yi ta kai su wajen masu magani, wannan ne ke cin 'ya'yansu. Tun ƙarshen shekarun 1960 akwai allurar da ake kira anti-D, ana yi wa uwa cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari, ta hana jikin tanadar makaman. Sharaɗin dai a san rukuninta tun a awon ciki na farko.

Jinotaif kuwa, wato nau'in himogulobin da mutum ya gada daga uwa da uba, a nan ne sauro ya shigo. Ƙwayar cutar maleriya a cikin jar ƙwayar jini take zama, ta ci himogulobin, ta hayayyafa, bayan kamar awa 48 ta fasa ƙwayar ta fito ta kama wasu. Dubban shekaru ana wannan yaƙi a ƙasashenmu, yara na mutuwa kafin su kai shekara biyar. Duk yaron da aka haifa da wani ɗan sauyi a jininsa wanda ke takura wa cutar, shi ne ya fi rayuwa ya girma ya haifi nasa. Ta haka sauye-sauyen suka yaɗu, har suka zama gadonmu.

Mafi shahara shi ne S. Harafi ɗaya tak ne ya canza a cikin bayanan gadon da ake ƙera himogulobin da su. Wanda ya gaji S daga ɓangare ɗaya, wato AS (A a nan shi ne himogulobin na yau da kullum, ba rukunin jini ba), lafiyarsa lau, kuma haɗarin maleriya mai tsanani ya ragu masa da kusan kashi 90 cikin ɗari. Anthony Allison ne ya nuna wannan alaƙa a Gabashin Afirka a 1954. Wanda ya gaji S daga uwa da uba kuwa, wato SS, mai ciwon sikila, ƙwayoyinsa sukan lanƙwashe kamar lauje idan iska ta yi ƙaranci, su toshe ƙananan jijiyoyi, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120. Daga nan ciwon ƙashi yake, da ɗashewa, da rawayan ido. Likitancin Turawa ya fara rubuta ciwon a 1910 a Chicago, a jikin wani ɗalibi ɗan tsibirin Girenada. Mutanen ƙasar nan kuwa sun riga su saninsa da nisa. Farfesa Felix Konotey-Ahulu, wanda ya daɗe yana kula da masu sikila a asibitin Korle Bu na Accra, ya bi salsalar ciwon a cikin danginsa na Krobo har zuwa shekarar 1670.

Ga abin da ya fi shafar mu mutanen Zango. Bayan S akwai wani sauyin himogulobin mai suna C, kuma cibiyarsa a duk duniya ita ce arewacin Ghana da Burkina Faso, inda a wasu yankunan mutum ɗaya cikin biyar ke ɗauke da shi. Shi ma kariya ce daga maleriya, kamar yadda wani bincike a Burkina Faso ya nuna a 2001. To duba ka ga su wane ne suka cika Aboabo da Asawase da Sabon Zango: Hausawa, Mosawa, Dagwamba, Gurunshi, Zabarmawa, an yi ta auratayya shekara da shekaru. Gwajin nan mai araha da ake yi a ce wa mutum ba shi da sikila, S kaɗai yake gani, ba ya ganin C. Sai mai AC ya riƙe takarda yana murna, ya auri mai AS, a haifi yaro SC. Ciwon SC yakan fi SS sauƙi a yarinta, har wani ya girma bai sani ba, sai daga baya ya taɓa masa ido ko ƙashin ƙugu, ko ya tasar wa mace a lokacin goyon ciki. Gwajin da ya kamata a nema shi ne wanda ake raba nau'o'in himogulobin da lantarki, wanda zai rubuta maka haruffa biyu ƙarara: AA, AS, AC, SS, SC ko CC. Takardar da ba ta da haruffa biyu ba ta gama magana ba.

Lissafin ɗaya cikin huɗu ma ana yi masa gurguwar fahimta. Idan AS ya auri AS, ba wai cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai fito da ciwon ba, har a ce an riga an haifi mai shi, sauran sun kuɓuta. Kowane ciki sabon lissafi ne. Wani gidan 'ya'ya shida ba ko ɗaya, wani gidan uku a jere.

Kumasi tana da abin alfahari a wannan fage. A duk Ghana, a nan aka fara gwajin sikila ga jarirai sababbin haihuwa a 1995, ƙarƙashin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, wanda shi kansa ɗansa na fari da ciwon aka haife shi. Farfesan ya rasu a 2022. Gwajin ya nuna cewa kusan jarirai 2 cikin kowane 100 suna da ciwon, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku nasu SC ne. Dalilin yin gwajin tun ana jego shi ne jariri yana zuwa da wani himogulobin na daban, na zaman ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Sai ya kai wata shida, wancan ya ja baya, sannan ciwon ke bayyana, sau da yawa da kumburin hannu da ƙafa. In an san da shi tun kafin nan, ana fara ba yaro penisilin kullum da allurar rigakafi, domin saifarsa takan lalace da wuri ta bar shi ba mai tare masa ƙwayoyin cuta. Maganin haidiroksiyuriya da ake bayarwa yanzu, aikinsa shi ne ya lallashi ɓargo ya koma ƙera wancan himogulobin na jarirai.

Sawun sauro na uku, bayan S da C, ba a cika zancensa ba, ga shi kuwa yana cikin akwatin kowace mai jego. Akwai wani sinadari mai suna G6PD da ke kare jar ƙwaya daga lalacewa. Mutane da yawa a Afirka ta Yamma an haife su da ƙarancinsa, maza sun fi yawa saboda ta ɓangaren uwa suke gadonsa, shi ma kuma yana da alaƙa da kariya daga maleriya. Mai shi lafiya lau yake, sai ranar da ya haɗu da abin da jininsa ba ya so. Daga ciki akwai wasu magunguna, shi ya sa ake gwada mai ciki kafin a ba ta maganin rigakafin maleriya. Daga ciki kuma akwai ƙwallon kafur ɗin nan fari da ake jefawa cikin kayan jariri don ƙamshi da korar kyankyaso. Jariri ya shaƙa, fatarsa ta tsotsa, ƙwayoyinsa su fara fashewa, kafin ranar suna ido ya yi rawaya, ya daina kama nono. In rawayan ya yi yawa yana hawa ƙwaƙwalwa, ɓarnar kuma ba ta gyaruwa. Lallen ƙunshi ma an sha samun ya yi wa jarirai masu wannan larura haka. Shanya yaro a hantsi ko ba shi ruwan sukari ba ya maganin shawara mai ƙarfi, asibiti ake kai shi a ranar, a sa shi ƙarƙashin fitila ta musamman.

Akwai kuma wata alama da ake kira Duffy, wadda yawancin mutanen duniya ke da ita a bayan ƙwayoyinsu, mu kuwa kusan dukkanmu ba mu da ita. Ita ce ƙofar da wani nau'in maleriya mai suna vivax ke bi ya shiga, shi ya sa nau'in ya addabi Indiya amma da wuya a gan shi a nan. Rashin alamar yana tafiya da ɗan ƙarancin wasu fararen ƙwayoyin jini, wanda ba ciwo ba ne, sai dai ya sha sa likitocin Turai da Amurka su ɗaga wa lafiyayyen baƙar fata hankali. Rukunin O ma yana rage tsananin maleriya, amma masu shi sun fi jigata in kwalara ta kama su. Irin waɗannan bambance-bambance ne suka sa hukumar jini ta Ingila ke ta neman baƙaƙen fata su ba da jini, domin mai sikila da ake yi wa ƙari akai-akai ya fi dacewa da jinin da ƙananan alamominsa suka yi kama da nasa. 'Yan'uwanmu da ke Landan su ji.

Wannan ya kawo mu bakin ɗakin jini na asibitin Komfo Anokye, wanda kowa ke kira Gee, inda za ka ga dangi sun yi cirko-cirko ana buga waya ana neman wanda zai bayar. A tunaninmu jinin ɗan'uwa shi ne mafi kyau. A likitance ba haka ba ne. Jinin uba ko ɗa ko shaƙiƙi yana iya ɗauke da fararen ƙwayoyin da jikin majiyyaci ba zai gane baƙi ba ne saboda kusanci, su kuwa su gane shi, su far masa. Abu ne da ba ya yawan faruwa, amma in ya faru da wuya a tsira. Miji kuma bai kamata ya ba matarsa da ke kan haihuwa ba, domin jikinta na iya tanadar makamai a kan alamominsa, waɗanda 'ya'yansu za su gada. Abin da dangi suka bayar yawanci mayar da gurbi ne, majiyyaci wani jinin ake sa masa wanda aka riga aka tantance daga ƙanjamau, ciwon hanta B da C, da tunjere.

Masu tsoron cewa jininsu zai ƙare su koma farkon zancen nan. Leda ɗaya mililita 450 ce, ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ke jiki ba. Kafin a ɗiba sai an soki yatsa an duba ƙarfin jinin, a wasu wuraren ta hanyar ɗiga shi cikin wani ruwa shuɗi: in ɗigon ya nutse ka isa, in ya tsaya yana lilo a sama a ce ka je ka ci abinci ka dawo wani lokaci. Ruwan da aka ɗiba yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyin cikin 'yan makonni, ƙarfen ne ke ɗaukar watanni, shi ya sa ake ba da tazara. A Ghana ana karɓa daga mai shekara 17 zuwa 60 wanda nauyinsa ya kai kilo 50. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa na bukatar aƙalla leda 10 ga kowane mutum 1,000 a shekara, mu kuwa ba mu kai ba. Tun 2019 jiragen Zipline marasa matuƙi suna kai jini ƙauyuka, akwai ma tasharsu a wajen Mampong, amma abin da aka tara kawai suke iya ɗauka, kuma har yau ba masana'antar da ke ƙera jini.

Ajiyarsa ma tana da wa'adi. Leda ɗaya ana iya raba ta uku. Ruwan jinin in aka daskarar yana shekara guda. Jajayen ƙwayoyi kwana 35 zuwa 42 a firiji. Ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini kuwa kwana 5 kacal, kuma ba a sa su a sanyi, sai dai a ajiye su a kan na'urar da ke girgiza su a hankali ba tsayawa. Don haka gangamin ba da jini na rana ɗaya a harabar masallaci, komai cikarsa, bayan mako shida ba sauran jar ƙwaya ko ɗaya daga cikinsa da za a iya sa wa mai naƙudar da jini ya ɓalle mata.